Hannun da Aka Aika Tsibiri

Sunan uwar mijina Tasalla. Sai da ta yi shekaru a ƙasa kafin bakina ya iya furta shi, kuma har yau in na faɗa sai in ji kamar za ta ɗaga asabari ta leƙo ta ga wace marar kunya ce. Mu a gida Inna muke ce mata, mutanen Isa kuwa Tasalla mai alkaki. An haife ta ranar Sallah, tun kafin Nasara su shigo ƙasar Gobir, a gidan masu noman alkama a bakin fadama. Ubanta da jigo yake ban ruwa da rani, ita kuma tun tana 'yar ƙarama take zama gaban kakarta tana kallon yadda ake mai da alkamar nan abin da manya ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado don kada yara su gani.

Lokacin da aka kawo ni gidan, mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya biyu ne suka rayu mata: Yaya Hajjo, 'yar fari, wadda ke aure a Tsibiri can ƙasar da Faransi ke mulki, sai maigidana, manomin gero da dawa. Inna doguwa ce siririya, tsagen Gobir ya nutse cikin tamojin kumatunta. Ba ta da yawan magana, yabo kuwa ba ta san hanyar gidansa ba. In ka yi aiki ta duba ta ce "ba laifi", to ka nemi abin sadaka ka bayar, don ba kullum ake samun wannan ba. Na ji tsoronta a shekarata ta farko, na ji haushinta a ta biyu, daga baya na so ta fiye da yadda na taɓa gaya mata.

Alkaki ba abin kullum ba ne. Ana yi wa amarya na gara, ana yi wa mai jego, amma babbar suyar Inna ta kalankuwa ce. In an gama girbi, an ɗaure damma an cika rumbuna, samari da 'yammata su fita fili da makaɗa, 'yan kokawa su zo daga Tozai da Bafarawa, sai gefen filin ya cika da masu faifai da ƙwarya: ga ƙosai, ga waina, ga dakuwa, ga nakiya. Mu matan aure ba ma zuwa, sai dai mu ji kiɗa ta kan danga. Inna da yake ta tsufa, ita ke ɗaukar kayanta da kanta, kuma ba ta taɓa kaiwa la'asar a can ba. Saurayin da bai saya wa budurwarsa alkakin Tasalla ba, a shekarar sai ya sha gori.

Abin da mutanen fili ba su gani ba shi ne kwanakin da gidanmu ke yi a hargitse kafin ranar. Da farko Kawu Sodangi, ƙanen Inna, wanda ke fatauci da jakuna tsakanin Sabon Birni da ƙasar Maraɗi, zai biya Tsibiri ya ɗauko Yaya Hajjo. Tana sauka, kafin ƙurar hanya ta bar ƙafarta, an miƙa mata faifai. Ni ke wanke alkama in shanya, in ɓarza ta a dutse, ba gari ba, ba kuma tsaki ba, tsaka-tsaki. Maigida ya kawo itacen ƙirya da zumar da ya yi alkawari da wani mai amya tun da damina. Yaya Hajjo ke murza ɓarzajjiyar alkamar da man gyaɗa har ta yi laushi, a kwaɓa da nono mai tsami, a rufe ƙwarya a bar ta ta kwana. Muna aiki muna hira, tana ba mu labarin Tsibiri, tana kwaikwayon yadda uwar mijinta ke tafiya, ina dariya har taɓarya na neman kuɓuce mini. Inna tana gefe, ta ba mu rabin baya, wai tana tsince tsamiya. Kunnenta kuwa duk yana wurinmu.

Ba ta taɓa kallon Yaya Hajjo ido cikin ido a gabanmu ba, balle ta kama sunanta. Kunyar 'yar fari ce, kowace uwa tana yi, amma ta Inna ta fi ta kowa kauri. Tun yaye aka mai da yarinyar ɗakin kaka, ta girma a gida ɗaya da uwarta kamar maƙwabta. In Inna na son ta miƙo mata ludayi, sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma waccan ta miƙo ludayi," alhali waccan ɗin tana zaune kusa da gwiwarta. In Yaya Hajjo ta zo, ba sannu da zuwa. In za ta koma, Inna ta shige bayan ɗaki ta kama wani aikin da ba shi da gaggawa.

Da safe ƙullin ya tashi, ya yi tsami, sai a zo wurin da ke raba mai alkaki da mai ɓarnar alkama, wato kashe tsamin da ruwan kanwa. In kanwa ta yi yawa, alkaki ya yi ja ya yi bauri. In ta yi kaɗan, ya tarwatse cikin mai ko ya fito da tsami kamar an yi masa laifi. A nan ne Inna ke miƙewa. Yaya Hajjo ta ɗauki ƙwarya ta kai mata bakin ƙofa, Inna ta shige ɗaki da jiƙaƙƙiyar kanwarta ta saki asabari. Mu zauna a waje kamar masu jiran haihuwa. Can sai ta turo ƙwaryar, Yaya Hajjo ta karɓa, mu zuba a turmi mu kirɓa har ya yi danƙo.

Daga nan kowa ya sa hannu. A murza ƙulli ya yi tsawo, a naɗe shi a yatsu, a jera a faifai. Inna ke gaban kasko, wuta kaɗan kaɗan, don alkaki ba ya son gaggawa. In ya soyu ta tsame da matsami ta jefa cikin zumar da aka dafa da ruwan tsamiya, ya sha, a kwashe. Na farko da ya fito ba ta ɗanɗanawa. Kunnenta take kai shi ta karya, ta saurara. Ita dai ba ta cin alkaki, ta ce mai suya ƙamshi ne rabonta.

Kowace shekara, suna cikin naɗi, Yaya Hajjo za ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Inna, bana dai a nuna mani kanwag ga." Inna kuma ta dubi kasko ta ce, "A ce ma waccan, baɗi." Haka nan duk gara ko suna da ya taso a dangin mijinta a Tsibiri, sai Yaya Hajjo ta ɗauro alkama ta zo Isa a yi a nan, tunda an san hannun yana wurin uwarta. Ni a raina rowa na ɗauke shi. Na taɓa ce wa maigida, tsohuwar nan da kanwarta za a binne ta. Ya yi dariya ya ce in bar abin da ya girme ni.

Sai yaƙin Nasara ya zo, wanda aka riƙa ɗibar samari ana kaiwa ƙasar Bama can ƙetaren teku. Ba mu ga yaƙi da idonmu ba, amma ya same mu har gida. Nasaran Faransi da na Ingila suka ɓata, aka toshe hanya. Mutanen da tsagensu ɗaya, kakanninsu ɗaya, suka wayi gari an ce wannan ba ya zuwa wurin wancan. Wanda aka kama da kaya a karɓe, wani lokaci a haɗa da shi a tura aikin dole. Kawu Sodangi ya sayar da jakunansa biyu, ya ɗaure na ukun a turke. Mace kuwa, ba mijin da zai bar ta ta kama wannan hanya.

Kalankuwa ta zo, Yaya Hajjo ba ta zo ba. Muka yi suya ni da Inna da wata maƙwabciya, alkaki ya yi kyau yadda ya saba, amma gidan shiru. Ba wanda ya tambayi kanwa, ba wanda aka ce wa baɗi. Na lura duk sallamar da aka yi a zaure sai hannun Inna ya tsaya a kan matsami har a gane mai muryar. Shekara ta zagayo, haka. A cikin wannan shekarar ne tari ya kama ta, hannunta ya fara rawa, har wata rana matsami ya suɓuce mata cikin mai ya fallatsar mata a ƙafa. Na ga ta daɗe tana kallon hannun.

Wata rana da hantsi ina shafa mata man shanu a wurin ƙunar, sai ta yi magana ba tare da na tambaya ba.

"Tani, kin ɗauka rowa ta, ko?"

Na sunkuyar da kai, don ba a yi wa uwar miji ƙarya, ba a kuma gaya mata irin wannan gaskiya.

"Ba rowa ba ta," ta ce. "Ɗiyat hwari, ba ka cewa kana marmarinta. Ba ka aikawa ka ce ta taho in gane ta. Amma ka iya aikawa ka ce alkama ta nuna. Shi na na riƙe abin ga, don ta riƙa tahowa. Ga shi na riƙe har hanya ta ruhe. In na tahi da shi, na cuce ta, na cuci kakata da tab ba ni."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji kunyar abin da na daɗe ina faɗa a bayanta. Na ce ai Kawu Sodangi har yanzu yakan saci jiki ya bi ta daji, ta wajen Burkusuma, da ɗan goro a aljihu, sai a gaya masa ludayi kaza na ruwan kanwa a ƙwarya kaza, ya kai wa Yaya Hajjo saƙo. Ta yi mini wani kallo. Ta ce kanwa ba iri ɗaya ba ce, nono ba tsami ɗaya ba, alkamar bana ba ta bara ba ce. Ido ma da ake cewa ba mudu ba ya san kima, a nan bai san komai ba. Abin a hannu yake, kuma hannu ba a faɗinsa da baki. Ni ina da goyo, ba inda za ni. Sai ta ce a kira mata Sodangi.

Kawu Sodangi a lokacin gemunsa ya fara fari, yana da surukai, a kasuwar Sabon Birni in ya yi magana kan farashin jaki ana saurara. Da ya ji abin da ake so da shi, sai ya dubi yayarsa, ya dube ni, ya dubi ƙofa.

"Yaya, ni za ni cuɗa ƙulli? In anka ji wanga batu kasuwa, ina za ni sa kaina?"

"Inda kas saba sa shi, cikin hula," in ji Inna. "Tuɓe riga ka wanke hannu."

Aka sa maigida ya zauna a zaure, kowa ya yi sallama a ce Kawu ba ya nan. A karo na farko tun zuwana gidan, aka fito da jiƙon kanwa tsakar gida, rana na haska shi. Kawu ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafafu kamar mai jego, ƙwarya a tsakani. Hannun da ya saba da igiya da mangala ya shiga ƙulli kamar zai shaƙe shi. Na farko ya zabga kanwa, alkaki ya fito ja wur, ko akuya ta shinshina ta wuce. Na biyu ya ji tsoro ya rage, ya tarwatse a kasko muka yi ta tsamo gutsattsari. Ni ke ɓarza, ni ke kirɓi, ina cije leɓe don kada dariya ta fito a gaban kawun miji.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta matso ta sa hannunta mai rawa a bayan nasa, ta nutsa su tare cikin ƙullin. "Bar kallo," ta ce. "Ruhe ido. Ka ji ya kama maka yatsa? Ɗiga kaɗan. Cuɗa. Yanzu hwa, ka ji ya sake ka?" Ta sa shi ya kai hanci ya ji inda tsamin ke kwantawa. Haka aka yi ta yi, ƙulli na kwana, Kawu na dawowa da safe ta ƙofar baya. Alkamar da Inna ta tanada don kalankuwar shekarar kaf ta tafi a wannan makaranta, da kanwar da ta yi wuya tun da aka toshe hanya. A shekarar samarin Isa ba su ga alkakin Tasalla a fili ba, aka yi ta aiko tambaya ko lafiya. Ni kuwa da ke gefe, ban san lokacin da abin ya shiga hannuna ba.

Ranar da Inna ta karya nasa a kunne ta ce "ba laifi", Kawu ya share gumi ya ce ko ranar da ya tsere wa 'yan gadin Faransi bai ji daɗi haka ba. Ta ƙulla masa ragowar alkama da ɗan dunƙulen kanwa a tsumma. Ba ta ba shi saƙon gaisuwa ba. Ta dai ce, tana duban bango, "Ka sa hannunka bisa nata, yadda niy yi maka."

Ya daɗe bai dawo ba. Inna ta daina fita, abinci sai an matsa mata. Ba ta tambaya, amma ta sa na mai da tabarmarta inda take hango ƙofar zaure. Ni tsoro biyu nake ji, kada a kama Kawu a daji, kada kuma ya dawo ya tarar an share ɗakin.

Wata la'asar sai ga shi, ya rame, ƙafafunsa duk faso. Bai tsaya shan ruwa ba ya durƙusa gabanta ya kwance burgami, ya fito da 'yar ƙwarya a naɗe cikin ganye. Alkaki ne, wasu sun karye saboda hanya. Maigida ya shigo ya tsaya. Inna ta zaɓi mai lafiya, ta juya shi, ta shinshina, ta kai kunne ta karya. Mu ma daga inda muke mun ji ƙarar.

"Hannunka ya kai saƙo," ta ce.

Kawu ya sosa gemu. "Yaya, ban koya mata komi ba."

Ya ce da ya isa ya gaya wa Hajjo abin da ya kawo shi, ya naɗe hannun riga ya ce a kawo ƙwarya, sai ta yi ta dariya har ta koma kuka. Ta shiga ɗaki ta kwaɓa, washegari ta kashe tsamin a gabansa, ko duban ludayin ba ta yi. Ashe tun kafin a yi mata aure ta iya. "Ta ce, Kawu, ni ka miƙa mata ƙwarya, ni ka amsa in ta hito. Shekara da shekaru hannuna na taɓa ƙullin ga kahin da bayan. Hannu wawa na?" Ya tambaye ta to me ya sa take ɗauko alkama tun daga Tsibiri, me ya sa take roƙo duk shekara. "Ta ce, in Inna ta san na iya, da wane baki za ta aiko in taho? Ni ko da wane baki za ni roƙi uwam mijina ta bar ni?" Ko a Tsibiri ba wanda ya san ta iya, sai da hanya ta toshe gara ta taso ba yadda za a yi. Kawu ya ƙara da cewa ta bar shi ya cuɗa nasa don kada wahalarsa ta tafi a banza, ta kuma ce kanwarsa ta ɗan yi yawa.

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta daɗe tana kallon ɓarin alkakin da ke hannunta. Sai ta kai baki. Haƙoranta sun ƙare, ta riƙa tsotsarsa a hankali har ta cinye, ta ɗauki ɗaya ɓarin. Ban taɓa ganin ta ci alkaki ba sai ranar.

"Hajjo," ta ce. "Hajjo ta iya."

Maigida ya juya ya fita zaure. Kawu ya kama gyaran igiyar burgami da ba abin da ya same ta. Ni na sunkuya kan goyona na yi kamar ban ji ba, don abin da ya kamata ke nan.

Inna ta rasu kafin ruwan farko, hanya ba ta buɗe ba. Sai bayan an sasanta aka bar mutane suna wucewa, Yaya Hajjo ta zo a kan jakin Kawu, ana gab da kalankuwa. Ta yi gaisuwa, ta je kushewa ta dawo, ta ce a wanke alkama. Muka ɓarza, muka murza, ƙulli ya kwana. Da safe muna zaune da ƙwarya a tsakaninmu, na gaya mata abin da ya faru ranar da Kawu ya dawo, har da abin da Inna ta faɗa.

"Sunana?" ta ce. "Da bakinta?"

"Da bakinta, Yaya."

Ta miƙe. Ta ɗauki ƙwaryar da jiƙon kanwa ta shiga ɗakin Inna ta saki asabari. Ni na iya, ita ta iya, Kawu Sodangi da ke zaune a bakin zaure ma ya iya, ba sauran abin ɓoyewa a gidan. Muka zauna a waje muka jira ta, ta daɗe ba ta fito ba.